Tsutsar Agwagin da Na Kai Wa Sa'a Ngaundere

Tun da na dawo daga Kamaru ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a bakin famfo a tambaye ni, har wurin mai niƙa sai da aka kashe inji don a ji amsata. "Maman Sa'a, ya Ngaundere? Da gaske ne sanyinsu har ƙashi yake shiga? Ya likitarmu, yaushe za mu ɗinka anko?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in ɗebo zumar tsaraba in toshe bakin mai tambaya. To, zuma ta ƙare. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, domin labarin ba mai daɗin maimaitawa ba ne.

Kun san ni ba mai fita ba ce. A unguwar Kilomita Biyar, nan Bangi, aka yanke mini cibiya, gida huɗu ne tsakanin gidan ubana da gidan mijina. Ko shekarun da aka yi tashin hankali, mutane suka cika manyan motoci suka nufi Kamaru da Cadi, ina nan tsakar gida da agwagina. Kafin wannan tafiya iyakata Kilomita Sha Biyu, shi ma rakiya na yi.

Wadda ta fitar da ni Sa'adatu ce, autata, da take karatun likitan dabbobi a Ngaundere. Ranar da za ta fara tafiya babanta ya kafa mata sharaɗi a gabana: shekara shida aka ce karatun, shida zai ba ta. In ta ƙara ko ɗaya, ta dawo ta zauna masa a shago tana auna ƙusa. Kun san Alhaji, ba ya magana biyu. Bana ce ta shida. Abin da ya rage mata littafi ne da za ta rubuta, ta tsaya gaban malamai ta kare shi, abin da suke kira sutinans.

Da ta zo hutu tsakiyar damina na tambaye ta a kan me za ta yi littafin. Ta ce tsutsar cikin agwagi, na Bangi da na Ngaundere, a ga ko iri ɗaya ce.

Na ce, "Shekara shida, Sa'a! 'Ya'yan mutane suna duba shanun alhazai, ke kin ƙare a hanjin agwagwa?"

Ta yi dariya, ta sa babanta ya yanka guda. Ta ɗauko tasa da almakashi, ta tsaga hanjin tun daga sama har ƙasa, ta ce in matso. Ni da na shekara talatin ina gyaran agwagwa ban taɓa leƙa cikin hanji ba, zubarwa nake yi. Sai ga su manne, jajaye-jajaye, kamar ganyen tsamiya, suna ɗan motsi.

Ta ce, "Inna, ba duk tsutsa ce tsutsa ba. Akwai mulmulalliya kamar taliya, wannan ba ruwana da ita. Nawa su ne masu faɗi. Su ma gida biyu ne manya a cikin tsuntsu. Akwai doguwa mai gaɓa-gaɓa kamar awon tela, akwai gajera mai kama da ganye, irin wannan. Masu ganyen ma dangi ne barkatai. Wata a hanji take zama, wata a hanyar ƙwai har ta sa kaza ta riƙa yin ƙwai mara ɓawo, wata a maƙogwaro, wata a ido, wata a jini."

Na ce, "To ai duk kamarsu ɗaya."

Ta ce, "In kika ga tsoho a kasuwa, ya kike gane Bagobiri ne kafin ya buɗe baki?"

Na ce, "Tsagar fuskarsa mana."

Ta ce, "To su ma suna da tsaga. Ana duba bakin da suke tsotso da shi, ɗaya ne ko biyu, kuma ina yake. Ana duba yadda kayan cikinsu suka jeru. Waɗannan na hanji suna da ƙayoyi kewaye da kai, sai an sa a madubin likita an ƙirga. Mai talatin da bakwai gidanta daban, mai arba'in da biyar gidanta daban. In ba a ƙirga ba, ba ta da suna."

Ta ce daga dodon koɗi agwagi suke samun tsutsar, a kududdufin nan na bayan gidanmu da ke cika da damina. Don haka malaminta yana so a jira ƙarshen damina, lokacin da suka ƙoshi da ita, a yanka goma. Rabin littafin, na agwagin Ngaundere, ita za ta yi a can. Rabin Bangi yana hannuna. Ta bar mini 'yan kwalabe goma masu lamba, da hantsaki, da babbar kwalba cike da farin ruwa. Ta nuna mini sau uku: in tsinto su a hankali, in ɗauraye a ruwa mai ɗan gishiri kaɗan, in zuba a kwalba, in cika da farin ruwan. Kowace agwagwa da kwalbarta. Ta ce alkol ne na asibiti. Na ce to. Ta ce kada in ba direba, za su bar shi a rana ko su fasa, ni za ta so in kawo da kaina, in ga inda take kwana ko sau ɗaya. Na ce to, a raina ina cewa Allah ya kai mu, ƙila kafin nan ta manta.

Ba ta manta ba. Ruwa yana ɗaukewa ta bugo waya. Agwagina goma sha uku ne, Alhaji ya yanka goma cikin kwana biyar. Waɗanda kuka ci romon agwagwa a makon nan, yau kun ji dalili. Har da farar nan mai ɗingishi da take bina kicin. Na yi kuka a kanta, amma na tsaga hanjinta. Kuma wallahi na yi aikin daidai. Na sa tabarau na zauna a hasken rana na tsinto su ɗaya-ɗaya, ban haɗa ta wannan da ta waccan ba. Kwalba goma suka jeru a kan taga, abin sha'awa.

Ana gobe zan tafi wata maƙwabciya ta shigo sallama. Ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, kuma ba laifinta ba ne. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta buɗe ta shinshina, ta yi baya.

Ta ce, "Hajiya! Wannan ai ngbako ce tsagwaronta!" Giyar rogon nan da ake dafawa a bayan gari. Ta ce, "Haka za ki shiga mota da ita? In masu kaki suka ɗaga ta sama a shinge, ga 'yan unguwa cike da mota, me za ki ce? In ta zube a kan sallayarki fa?"

Dariya take yi. Ta sha kunu ta tafi. Ni kuwa maganar ta zauna. Na shinshina da kaina, warin ya bugi kaina. Kwana uku a hanya, jaka ɗaya da hijabina da sallaya, ga ramuka. Na ga kaina ina salla da najasa a jiki. Na ga kaina a tsaye a shinge, matar Alhaji, an ɗaga kwalba ana kallona. Wayata tana kan tabarma kusa da ƙafata. Ban ɗauka ba. Na ce yarinya tana aji, kuma me zan tambaya? Ni da nake busar da kifi da nama ya shekara bai yi tsutsa ba, za a koya mini adana abu? Ita da bakinta ta ce a ɗauraye da ruwan gishiri, ashe gishiri ba ya yi musu komai.

Na tsiyaye kwalaben nan goma a makwarara. Na juye tsutsar duka a faranti ɗaya, na barbaɗe da gishiri sosai, na kife rariya saboda ƙuda, na shanya a rana. Kafin la'asar sun bushe ƙayau. Na zuba a ɗan gwangwanin shayi mai murfi. Na wanke hannu da sabulu sau uku, na ji zuciyata wasai.

Da asuba Alhaji ya kai ni tasha a bayan babur. Motar doguwa ce, an ɗaure mata kaya a sama har ta fi kanta tsawo. Kujerata ta faɗo kusa da wata mata ƙatuwa, Mama Odet, 'yar Buwar, da ta zo Bangi ganin jika. Kafin mu fita gari ta san sunan 'ya'yana duka, na san mijinta ya gudu da mai sayar da lemo. Yaren Sango muke yi, tana kirana ita ti mbi, wato 'yar'uwata. A cinyarta akwai buhun makongo, tsutsar itacen nan da suke soyawa. Ta miƙo mini, na ce na gode ina azumin wannan. Ta ce, "Ku Hausawa kuna cin fara da ƙafafunta, kuna ƙyamar makongo. Fara ba ƙwaro ba ce?" Na ba ta dambun nama muka shirya.

An ce akwai ruwa mai zubowa daga dutse a Bowali. Ni ban gan shi ba, kaina yana cikin leda. Duk wanda ya ce muku tafiya daɗi gare ta bai zauna a kan tayar baya ba. Mama Odet ta ɓare lemon tsami ta ce in riƙe ɓawon a hanci, kuma ya yi aiki. A Bosambele aka tsaya cin abinci. Mata suka kewaye mota da mangbele, curin rogon nan, da kanda, ƙullin nama, a naɗe cikin ganye. Na tambayi naman me ne a cikin kandar, yarinyar ta ce nama ne mai kyau. Na ce mai kyau na wace dabba? Ta ce mai kyau dai. Na haƙura da gyaɗa da ayaba.

Shingaye kuwa ban iya ƙirga su ba. A sauka, a nuna takarda, a hau. A wani shinge bayan Yaloke wani mai kaki ya zazzage jakata, ya ci karo da gwangwani. Ya buɗe, ya ce, "So nyen?" Mene ne wannan? Na ce aikin makarantar 'yata ne. Ya tona da bakin biro, ya ce ƙananan kifi ne, ya ɗebo zai kai baki. Mama Odet ta daka masa tsawa, "Mo te pepe! Kada ka ci! Tsutsar cikin agwagwa ce!" Ya watsar da na hannunsa ya yi ta tofar da yawu alhali bai ci ba, mota duka ta kwashe da dariya. Ni ma na yi, har ina jin kaina. Na ce a raina, da kwalabe ne da yanzu wani zancen ake yi.

Da muka koma mota na ba Mama Odet labarin dabarata. Ta saurara har ƙarshe ba ta yi dariya ba.

Ta ce, "Yarinyar ta ce alkol?"

Na ce ta ce.

Ta ce, "Shekara nawa tana karatu?"

Na ce shida.

Ta ce, "Hm." Ta juya tana kallon taga. Matar da tun Bangi ba ta rufe baki ba. Na ji haushinta, na ce a raina ina ruwan mai cin makongo da tsarki.

Mun isa Buwar gab da magariba. A nan ta sauka, amma ta rantse ba zan kwana a tasha ba. Ta kai ni gidanta, ta ba ni ɗakinta, ta wanke sabuwar tukunya a gabana ta dafa mini gozo, tuwon rogonsu, da miyar ganyen koko ba nama, don hankalina ya kwanta. Ta tambayi wani maƙwabcinta Musulmi inda gabas take, ta zo ta nuna mini. Su in za su ci abinci sai kowa ya kama hannun na kusa da shi, su rufe ido. Jikanyarta ta kama nawa, na bar mata. Da safe ta rako ni mota ta cusa mini lemon tsami a jaka, ta ce, "Ita ti mbi, Allah ya sa ni ce ban sani ba."

Iyaka ba wani abu ba ne, ashe. Na zaci zan ga katanga. Sanda ce a gicciye, da rumfuna, da 'yan babur suna fizgar jakar mutum. Sai da aka nemi katin allurar rigakafi na tuna na ɓoye shi a cikin ƙullin daddawar da na kawo wa Sa'a. Ma'aikacin ya riƙe shi da yatsu biyu nesa da hancinsa, ya buga hatimi da sauri ya ce in wuce. Ƙetarawa ke da wuya Sango ya ɓace, sai Fulatanci. "Jam na?" ka ce "Jam." Da wannan kalma ɗaya na yi kwana tara a Kamaru.

A Garwa Bulai na sauka gidan Hajiya Mairo, wadda da take unguwar Miskin kafin a watse. Tsofaffin cikinku za su tuna ta, mai ƙosai a bakin gada. Tana gaishe ku. Ta tsufa, amma bakin yana nan. Ta tambaye ni mangwaron ƙofar gidansu, na ce yana nan, alhali ko gidan babu. Yanzu turare take haɗawa tana sayarwa, ɗakinta cike da kwalabe. Da za mu yi la'asar ta fesa wa hijabinta, ta fesa wa nawa. Na ce ƙamshin ya yi, da me take haɗawa? Ta jawo jarka daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Warin nan ne. Shi ne dai, ba wani ba.

Na ce, "Mairo, da wannan kike salla?"

Ta ce, "Da wanne kike yi ke? Duk turaren da ke kan madubinki da shi ake yi. Ni na tambayi malamai kafin in fara. Wasu sun ƙi, da yawa sun ce ba komai tunda ba sha za a yi ba. Ke allurar da ake miki a asibiti, da me ake goge wurin?"

Na yi sallar, amma Allah ya yafe mini, ban san me na karanta ba. Tuwon masara da miyar yakuwa ta yi, folere suke ce mata, ta sha man shanu. Loma uku na yi.

Hanyar Kamaru sumul take, ban buƙaci lemon tsami ba. A Maiganga na sayi zumar da kuka sha. Muna hawa sanyi yana ƙaruwa, har na ciro zane na biyu. Duk tsawon hanyar gwangwanin yana cinyata, ina ce wa kaina ai ba su ruɓe ba, ba su yi wari ba, in aka jiƙa za su dawo kamar busasshiyar kuɓewa.

Sa'a tana jirana a tasha da farar riga a hannu, daga labo ta taho, ɗakin gwaje-gwajensu. Ta rame. Ta rungume ni tana cewa, "Inna a Ngaundere! Yau za a yi ruwa da rani!" Ta ɗauki jakar da kanta, a hankali, tana tallafe da ƙasanta kamar jariri, ta hana ɗan babur ya taɓa. Ɗakinta bai kai kicin ɗinmu ba. Katifa, risho, littattafai, da hotona ni da babanta manne a bango. Ta dafa mini shinkafa da wake, ta yanka fiya a kai, don a can fiya kamar ƙasa take. Ta bari sai da na ci na sha ruwa, sannan ta goge tebur ta ce, "To Inna, ina amarena?"

Na ajiye gwangwanin.

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Kwalaben fa?"

Na ce suna gida, na wanke su tas. Na fara bayani, shinge, sallaya, kifi. Ban kai ƙarshe ba ta ɗaga kai. Sa'a in ranta ya ɓaci Hausa guduwa take yi daga bakinta, sai Sango.

Ta ce, "Ngbanga ti nyen mo hunda mbi pepe?" Don me ba ki tambaye ni ba? Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta sake faɗa. Sannan ta rufe gwangwanin, ta ce, "Ki kwanta ki huta, Inna, kin sha hanya." Ta ɗauki bokiti ta fita ɗebo ruwan da ba ma bukata.

Washegari ta tafi da ni labo. Malaminta wani dogon Bafulatani ne mai furfura, Dokta suke ce masa. Ya gaishe ni da Hausarsa mai lanƙwasa, Hajja kaza Hajja kaza, ya ba ni kujera. Ta yi masa magana da Faransanci, ya leƙa gwangwanin, ya ce, "Bari mu gwada." Suka jiƙa su a wani ruwa. Kwana biyu ina zuwa ina zama a kujerar nan ina jan carbi, ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni, sun ɗauka na zo taya murna.

Rana ta uku Dokta ya kira ni. Ya ce, "Hajja, zo ki gani da idonki, kin yi hanya." Ya sa wani gilashi a madubin, ya ce wannan ta agwagin Ngaundere ce, Sa'adatu ta gyara ta. Na rufe ido ɗaya na leƙa. Jama'a, ban taɓa ganin abu haka ba. An rina ta ja, komai na cikinta a fili kamar an zana. Ga baki a sama, ga wani babba a ciki, ga ƙwai jere. Kewaye da kanta ga ƙayoyin nan, tsaf-tsaf, kamar haƙoran mataji. Ya ce in ƙirga. Na ƙirga na ɓata, na sake, da taimakonsa muka kai talatin da bakwai. Ya faɗi sunanta, suna biyu, na gida da na kanta, da wani yare da ba na kowa ba. Ya ce duk duniya in aka faɗi sunan nan an san wadda ake nufi.

Sai ya cire ya sa nawa. Ban ga komai ba sai wani abu kamar ƙanzon tukunya. Kai ya gutsure, gefe ya tsattsage. Ya ce sun duba duka, ba ɗaya mai ƙaya a jikinta. Kuma ko da an samu, an haɗa na agwagwa goma wuri ɗaya, ba a san wadda ta fito daga wace ba.

Na ce, "Dokta, in koma yau. Akwai agwagi a kasuwa, in sayi ashirin."

Ya ce, "Na kasuwa ba mu san inda suka yi kiwo ba, Hajja. Kududdufinki kuma ya bushe, ko ba haka ba? Kuma kwana goma ya rage a rufe karɓar littafi." Ya cire tabarau ya goge. "Sai damina mai zuwa. Ita ce ta fi kowa hannu a ajin nan. Na so a ce bana ne."

Na durƙusa a ƙasan labon nan, tsohuwa da ni, na ce laifina ne, kada a hukunta yarinya. Ya ce ba hukunci ba ne, rabin littafi ne babu. Sa'a ta ɗaga ni tana cewa, "Inna tashi, ana kallo."

Da yamma ta kira babanta a gabana. Ta ce, "Baba, aikin bai kammala ba, sai baɗi." Ina jin muryarsa daga inda nake. Ta ce, "Ni ce ban shirya da kyau ba." Na miƙa hannu in karɓi wayar, ta juya mini baya. Da ta kashe ta ce, "Kada ki faɗa masa. Ni zai yi wa faɗa ya huce. Ke kuwa gida ɗaya kuke."

Na ƙara kwana biyu. Ta kai ni kasuwa, ta saya mini rigar sanyi, ta nuna mini tashar jirgin ƙasa. Tana ta ƙoƙarin ba ni dariya, ni ina ƙoƙarin yi. Dawowa ba ni da abin faɗi a kanta. Hanyar ce dai, a juye. A Buwar ban nemi Mama Odet ba, kunya ta hana ni.

Na iso Alhaji yana tsakar gida yana alwala. Bai bari na ajiye jaka ba ya ce, "Kin ga 'yarki ko? Shekara shida. Ƙarshen wata ta tattaro kayanta." Na shiga ɗaki na fito, na zuba masa abinci, na zauna nesa. Na tuna abin da Sa'a ta ce. Na jira har ya wanke hannu. Sai na ce, "Alhaji, ba ita ba ce." Na faɗa masa duka, tun daga maƙwabciya har ƙanzon da na gani a madubi.

Ya goge hannunsa. Can ya ce, "Ranar da kika tsiyaye kwalaben, na dawo ɗaukar makullin sito. Ina tsaye a zaure na gan ki."

Na ce, "Ka gan ni?"

Ya ce, "Na gan ki. Tun da aka kawo abin nan gidan warinsa yake damuna, na rasa yadda zan ce. Da na ga kina zubarwa na ce a raina Allah ya yi miki albarka. Na koma kasuwa."

Muka zauna, ni da shi, ba mai kallon wani. Agwagi ukun da suka rage suna ta wasa da ruwan alwalarsa. Sai ya ciro waya ya kira ta. Bai yi sallama mai tsawo ba. Ya ce, "Sa'adatu, ki zauna ki ƙarasa." Ban ji abin da ta ce ba. Ya ce, "Na sani. Uwarki ta faɗa mini. Na ce ki zauna." Tun da nake da shi ban taɓa jin ya janye magana ba sai ranar.

Amma shekara ta tafi, wannan ba wanda zai dawo mata da ita. Makon jiya 'yan ajinsu suka yi sutinans. Ta turo mini hoto. Su bakwai a jere cikin manyan riguna, kowa da littafinsa a ƙirji, iyaye a baya. Sai da na nema na gan ta, can gefe, cikin atamfar da na kai mata, ta rataya jakunkunan ƙawayenta uku a kafaɗa, ta riƙe wa wata fure. Na buɗa hoton da yatsu biyu har fuskarta ta cika wayar. Dariya take yi, har haƙora a waje. Ni na haife ta, na san wannan dariyar.